Gumane, Telan Bakin Ƙofa

A Timurkot ko gidaje sun san matsayinsu. Na Bahun, dangin masu karatun addini, suna can ƙolin dutse inda marmaro yake fitowa da tsabtarsa. Na manoma suna tsakiya. Namu na Damai, teloli da makaɗa, suna gindi, inda ruwan yake isowa bayan kowa ya wanke tukunyarsa da ƙafarsa da ɓaunarsa. A nan aka haifi Gumane, a nan ya tsufa, kuma in ka tambayi kowa a garin abin da aka san shi da shi, ba ɗinki za a fara ambata maka ba, ko da yake ya iya ɗinki. Za a ce maka shi ne mutumin da ba a taɓa yayyafa ruwa saboda shi ba.

Abin kuwa haka yake: in jikin ɗayanmu ya gogi na mutanen sama, ko da gefen riga ne a ƙuntatacciyar hanya, wanda aka taɓa ba zai shiga gidansa ba sai an tsoma zobe ko ɗan kunnen zinariya a ruwa an yayyafa masa. Babu Damai a garin nan da bai jawo wannan yayyafi ba, wani da gangan ma don ya ga an wahala. Sai Gumane. Shi kaɗai ne ya yi furfura hannunsa bai taɓa kowa daga sama ba, kuma yana ji da abin nan kamar yadda wani yake ji da gonarsa. Ni dai ban taɓa ganin abin alfahari mai ban haushi irin wannan ba, amma na san inda ya samo shi.

Yana ƙarami, ubansa Bire yana saukowa daga dutse wata rana da damina, matar mai gidan Regmi na wancan lokaci, ɗaya daga gidajen Bahun, tana hawowa da tulun tagulla a kwankwaso. Santsi ya kwashe ta a daidai inda hanyar take bin bakin kwazazzabo. Bire bai tsaya tunani ba, ya cafko damtsenta ya fizgo ta. Matar ta tsira, ko tulun bai faɗi ba. Kafin azahar an ɗaure Bire a jikin bishiyar dandali, an tsoma ganyen nan mai ƙaiƙayi da muke kira sisnu a ruwa, ana zabga masa a gadon baya har fatar ta yi luhu-luhu. Laifinsa ya riƙe matar Bahun a damtse, ya kuma ƙazantar da ruwan da za a yi wa alloli hidima da shi. Matar tana cikin gida ana yi mata wanka, ba ta leƙo ba.

Da aka kwance shi, ya kwanta rub da ciki a ƙofar bukka, ya kira ɗansa.

"Ka gani da idonka?"

"Na gani, Baba."

"To in ka ga ɗayansu zai faɗi, ka bar shi ya faɗi. Ka yi ihu iya ƙarfinka, ihu ba ya ƙazantar da kowa. Amma hannun nan, ka san inda za ka ajiye shi."

Gumane ya riƙe maganar nan fiye da yadda masu karatu suke riƙe littattafansu. Ya girma yana tafiya hannuwa a harɗe a ƙirji. In ya kusa kwana a hanya sai ya yi gyaran murya, don mai tahowa ya san Damai ne. In ya hangi mai tulu tun daga nesa sai ya sauka cikin gona, ko da caɓi zai kai masa gwiwa, ya tsaya har a wuce. Samarin unguwarmu suna kiransa Tari Mai Ƙafa, ko a jikinsa.

Ya gaji yi wa gidan Regmi aiki daga ubansa, kamar yadda ya gaji almakashi da ganga. Duk shekara in bikin Dashain ya matso, sai ya saɓo keken ɗinkinsa na hannu ya hau dutse, ya shimfiɗa buhu a ƙarshen dakalin gidan, ya ɗinka wa kowa sabon kaya. In kaka ta yi a auna masa masara da tamba a zuba a kwandonsa. Awo kuwa da ido yake yi, tunda ba dama ya ɗora igiya a kafaɗar kowa. Mai riga zai tsaya can tsakar gida, Gumane ya karkace kai ya ce, "A ɗan juya, ranka ya daɗe," shi ke nan. Yadi jefo masa ake yi, shi kuma in ya gama ya ninke ya ajiye a kan dutse ya ja da baya. Abincin rana a kan ganye ake sako masa daga sama, kamar yadda ake yi wa karen gidan, sai dai shi nasa ganyen ya fi faɗi.

Matarsa ta rasu da wuri, ta bar masa 'ya guda, Junmaya, wadda ba ta ɗauko komai na haƙurinsa ba.

"Baba, wai ba ka ji a rediyon shago ba? An ce gwamnati ta soke abin nan tuntuni. An ce yanzu kowa ɗaya ne."

"A ina ta soke?"

"A Kathmandu mana, babban birni."

"To in dokar ta gama hawo dutsen nan ki tashe ni. Ina jin har yanzu tana gindi tana haki."

"Kai dai ka ji da tarinka. Rigar da ka ɗinka tana kwana a jikinsu, ba ta ƙazantar da su ba, sai ɗan yatsanka?"

"Ke yarinya ce. Je ki tambaya a sama, wane Damai ake bari ya zauna a kan dakali? Sauran duk a ƙasa suke, kusa da turken ɓauna. Ni Baje da bakinsa ya ce, Gumane ko iska ta fi shi taɓa mutum."

"Kuma ka ji daɗi?"

"Me zai hana?"

Junmaya ta yi tsaki ta ɗauki tulu. Ya ji daɗin kuwa, har cikin ransa, ba wai don ya ba ta haushi ya faɗa ba.

Baje da yake faɗa shi ne Dinanath Regmi, mai gidan na yanzu, ɗan matar nan da Bire ya ceta. Mu duk namijin Bahun Baje muke ce masa, macen kuma Bajai. Bajai ta wannan gidan, matar Dinanath, doguwa ce busasshiya, mai tsarkin da ya gagari kowa. Itacen girki ma sai ta yayyafa masa ruwa kafin ya shiga murhu. Ɗansu guda yana aiki a Indiya, sai da biki yake zuwa, ya bar matarsa Tulasa a hannun uwar. Gumane ne ya buga ganga a gaban amarya ranar da aka kawo Tulasa, daga bakin shinge ya tsaya aka shige da ita.

Tulasa ta sha wuya kafin ta riƙe ɗa. Ciki ya zube, wani ya zube, Bajai tana ta yada magana cewa an kawo musu tukunya mai yoyo. Da ƙyar ta samu 'ya mace ta tsaya. Bajai ta taɓe baki don ba namiji ba ne, amma Tulasa ko ta kanta ba ta bi ba. Ta sa wa yarinyar suna Putali, tana goyonta har wajen yankan ciyawa.

Shekarar da abin ya faru Putali ta fara tafiya, irin tafiyar nan ta dafa bango a faɗi a tashi. Tun ranar da Gumane ya kafa kekensa ta liƙe masa. Ƙarar keken ce take ja ta. Da ya fara juya hannu sai ta taho tana tangaɗi tana cewa "Tak-tak, tak-tak," shi kuma ya janye buhunsa baya, ta matso, ya ƙara janyewa, har ya kai ƙarshen dakali ya rasa wurin zuwa ya kira uwar.

"Ƙaramar Bajai, ga sarauniya za ta kore ni daga garin!"

Tulasa ta fito tana dariya ta ɗauke ta. "Ai yarinya ce, Gumane, ko ta taɓa ka me ta sani?"

"Ita ba ta sani ba, ranki ya daɗe, amma ni na sani."

Ya haɗa mata 'yar tsana da ragowar ƙyalle, ya sa mata idanu da maɓalli, ya ajiye a kan dutse. Bajai ta sa aka yayyafa wa 'yar tsanar ruwa kafin a ba ta. Yana son yarinyar nan, ba a ɓoye ba. In ya sauko gida da yamma ba shi da hira sai ta Putali, yau ta yi kaza, yau ta ce kaza, har Junmaya ta ce masa, "Ni da ka haifa ban sami 'yar tsana ba." Jan yadin da aka jefo masa na rigar bikin yarinyar kuwa ya ajiye shi sai ƙarshe, don ya yi shi a natse.

Ran da ya ɗauko jan yadin, gidan ba kowa sai Tulasa da 'yarta. Baje ya tafi duba bunsurun biki, Bajai ta tafi marmaro wanka. Tulasa tana ciki tana suyar zoben shinkafa, wainar biki, kaskon man shanu yana tafasa a kan murhu. Murhun gidajen sama a ƙasa yake, a tsakiyar ɗaki, mutum yana daga dakali yana hangensa in ƙofa a buɗe take. Sai ga ihu daga gonar maƙwabta, wai ɓaunar gidan Regmi ta tsinke ta faɗa musu cikin tamba. Tulasa ta fito a guje tana goge hannu.

"Gumane, ka sa mini ido a kanta, yanzu zan dawo."

"To, ranki ya daɗe."

Putali tana zaune a tsakar gida da 'yar tsanarta. Gumane ya sunkuya ya zura zare a allura, ya ɗago, ba ta wurin. Ta haye dokin ƙofa. Tana ciki, tana tangaɗi, ta nufi inda ƙamshi yake fitowa.

Ya miƙe tsaye, yadin ya faɗi. "Putali! Zo nan! Zo ki ga tak-tak!" Ta waiwayo ta yi masa dariya ta ci gaba. Ya koma da sauri ya juya hannun keken da ƙarfi, tak-tak-tak, ko za ta juyo. Ta ɗan tsaya kamar za ta dawo, sai man ya yi tsartuwa, ta sake mayar da kai. Ya ruga bakin ƙofa. Ya ƙwala wa Tulasa kira, ya ƙwala wa Bajai, ya yi ihun da aka ji har unguwarmu. Ya waiga ko zai ga sanda mai tsawo da zai tare ta da ita, babu sai tsintsiya, ita ma a ciki take.

Tsakaninsa da yarinyar bai wuce tsawon tabarma ba. Ya ɗaga ƙafa, wannan kam mutanen da suka hango daga gona sun shaida, ya ɗaga ta har saman dokin ƙofa. A nan ta tsaya. Ba wai ya zauna ya auna bulala da ran yarinya ya zaɓa ba ne, ina ma haka ne, da sai a san abin da za a zage shi a kai. Ƙafar ce kawai ba ta san hanya ba. Shekara da shekaru yana koya mata inda za ta tsaya, ranar nan ta nuna masa ta koya. Hannuwansa ma ya same su a harɗe a ƙirji, bai san lokacin da suka je can ba.

Putali ta miƙa hannu ta kamo bakin kaskon don ta dafa.

Tulasa ce ta bangaje iska ta wuce shi, ko a wannan halin jikinsa sai da ya kauce mata. Ta fito da yarinyar a rungume tana wani irin kuka da ba na mutane ba. Aka ɗora su a hanyar asibiti, tafiyar wuni guda ce a ƙafa. Ba su kai gadar kogi ba yarinyar ta cika, suka juyo.

Gumane ya sauko ya zauna a ƙofar bukka, daidai inda ubansa ya taɓa kwanciya, yana jiran a zo a tafi da shi. Ya so a zo. Da an ɗaure shi an yi masa lilis da ya fi masa sauƙi. Junmaya ta ajiye masa abinci ta ɗauke.

Bayan an binne yarinyar aka aiko kiransa dandali. Manyan sama suna zaune a gindin bishiyar, shi ya tsuguna daga nesa. Wani matashi cikin manoma ya ce ai da ya shiga ya ɗauko ta. Tsofaffi suka yi masa caa. Ya shiga ina? Madafar Bahun, ga ɗakin allolin gida a gefe, ana gab da Dashain? Da sai an fasa tukwane, an sake yaɓen ɗaki, an kira masu karatu sun yi kwanaki suna tsarkake gidan, bikin shekarar kuma ya lalace. Yarinya kwananta ne ya ƙare. In ma akwai mai laifi, uwar ce da ta bar wuta ta bi ɓauna.

Baje Dinanath ya yi gyaran murya, idanunsa jajur, don shi ma jikarsa ce.

"Gumane bai yi laifi ba," in ji shi. "Ya yi ihu, kowa ya ji. Abin da ya kamace shi ke nan. Ubansa ya yi masa tarbiyya."

Aka gyaɗa kai. Wani ma ya ce da duk Damai haka suke da gari ya zauna lafiya. Gumane ya sunkuyar da kai ya yi godiya, don in an yabe ka daga sama godiya ake yi.

Da ya je ɗauko kekensa, Bajai ta jefo masa jan yadin daga bakin ƙofa. "Sabo ne fil, kada ya tashi a banza. Ka mayar mini da shi jakar ajiye turare." Da kaka ta yi kuma aka auna masa rabonsa, Baje ya sa aka ƙara masa mudu a kai, aka tula shi har yana zuba. Ya saɓo kwandon ya sauko. Junmaya ta dubi masarar ta dube shi.

"Ladan me aka ba ka, Baba?"

Ya ajiye kwandon ya shige bukka. Ba ta sa ƙwaya ɗaya ta masarar nan a bakinta ba, kaji ta riƙa watsa wa.

Tulasa kuwa an ce ta daina magana. Mijin ya zo ya koma, Bajai tana ta nanata mata cewa ita ta kashe 'yarta. Sai wata rana da hantsi, unguwarmu cike da mutane ana shanyar tamba, aka ga mace tana saukowa daga hanyar sama ba mayafi, ba takalmi. Mata suka saki abin da suke yi. Tun da aka kafa Timurkot matar Bahun ba ta taɓa taka unguwar nan ba. Mutane suka riƙa darewa suna ba ta hanya, ita kuwa ba ta kallon kowa, ta nufi bukkar Gumane.

Yana zaune a gaban keke. Ya yunƙura zai ja da baya, bango ya tare shi. Ta durƙusa a gabansa ta kamo hannuwansa biyu ta riƙe gam. Ta rame har ƙashin wuyanta ya fito, amma riƙon nan ba na mai rama ba ne.

"Ka ga, na taɓa ka," ta ce a hankali. "Ga shi ban mutu ba. Ka gani?"

"Ƙaramar Bajai, don girman alloli ki sake ni, mutane suna kallo."

"Ba ta kai nauyin keken nan naka ba, Gumane. Kullum kana saɓo shi ka hau dutse da shi. Da hannu ɗaya ma za ka iya ɗauko ta."

Ya yi ƙoƙarin zare hannuwansa, ta ƙara riƙewa.

"Kai ta fi so a duk garin nan. Har yanzu in na rufe ido ina jin ta tana kiranka. Ni ba faɗa na zo yi ba, tambaya na zo yi. Me ya hana ka?"

"Ban taɓa shiga ba, ranki ya daɗe," ya ce da ƙyar. "Ban taɓa shiga ba."

Ta jawo hannuwan ta kifa fuskarta a cikinsu. Ya ji ɗumin hawayenta yana bin tsakanin yatsunsa. Wannan ne karo na farko da ya san cewa fatar mutanen sama ma ɗumi gare ta. Wani abu ya taso masa daga ƙirji, kuka ne da ya riƙe tun ranar, yana gab da fitowa. Junmaya tana tsaye a bakin bukka da faifai a hannu, ta ga fuskar ubanta tana narkewa, ta ce a ranta yau dai zai yi kuka kamar mutum.

Sai aka ji haki daga sama. Bajai ce ta biyo surukarta, riƙe da butar tagulla, ɗan kunnenta ɗaya a ciki. Ta tsaya a kan dutsen iyakar unguwa, ba ta tako ba. Daga nan ta cika tafinta da ruwa ta watso iya ƙarfinta. Ruwan ya sauka a bayan Tulasa, ya sauka a kan keken, ɗigo ya sami Gumane a goshi.

Sanyin ɗigon nan ya mayar da kukan inda ya fito. Ya fizge hannuwansa, Tulasa ta kifa ƙasa a gabansa, bai tare ta ba. Ya miƙe ya harɗe su a ƙirji, ya juya wajen tsohuwar, unguwa duk tana ji.

"Ki shaida, Bajai, ba ni na taɓa ta ba. Ita ta taɓa ni."

Faifan ya suɓuce daga hannun Junmaya. Ita ce ta tako ta ɗaga Tulasa daga ƙasa, ta kakkaɓe mata ƙurar fuska da gefen zanenta.